Na Je Adar Karɓo Yardar Gwaggo Habsu

Tun da na dawo daga Adar bencin ƙofar shagona bai huce ba. Kowa ya zo karɓar ɗinki sai ya zauna ya ce, "Lawali, yaya Nijar?" sai ka ce Makka na je. Wasu so suke su ji ko da gaske burodin can ya kai tsawon hannu, wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin abin da ya shiga tsakanina da Yaya Garba, suna son su ji daga bakina. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure ƙafata tana kan keke, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, gona ce. Muna da gonar kakanmu a ƙauyenmu, kusa da Gwadabawa. Sunanta dai gona, amma an daɗe rabon da ta ba mu dami ɗaya. Ta zama fako, ja wur, ta yi tauri kamar daɓe, in ruwa ya sauka bai tsayawa ko gaisawa da ita. Sai ga masu tifa sun zo suna son su saya su riƙa haƙar jar ƙasa. Yaya Garba, babban wanmu, wanda shi ne ya zauna a ƙauye yana shan wahalarta, ya ce a sayar. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na fi shi zaƙuwa, don na riga na hango sabon keke mai lantarki a shagona da ke Sakkwato.

Mai gari ne ya taka mana birki. Ya ce ba a taɓa raba gonar ba, kuma Gwaggo Habsu, ƙanwar mahaifinmu, tana da haƙƙi a ciki. Ita kuwa tun kafin a haife ni aka kai ta aure wani ƙauye kusa da Barmu, arewa da Tawa. Muka kira ta a waya. Ta saurare mu har muka gama, sannan ta ce, "Maganar ƙasa ba a yin ta cikin waya. Wanda ka son bakina shi taho shi iske ni." Ta kashe. Da yake ni ake ce wa mai baki a gidanmu, ni aka ɗora wa tafiyar, aka ba ni takardar da za ta dangwala wa hannu. Na ce kwana uku ya ishe ni.

Ƙarshen bazara ne, zafi kamar ya dafa mutum. Abin kunyata na farko a bakin iyaka ya same ni, kuma ni na jawo wa kaina. Saboda tsoron 'yan sane, na ɗinka aljihu a cikin rigata, na sa katin shaidata da takardar, na bi bakin aljihun na ɗinke, layi biyu. Da muka wuce Illela muka isa wurin masu duba takardu, jami'in ya miƙo hannu. Na shafa ƙirji, na tuna. Na ja zare da haƙori, zare ya ce bai san zancen ba. Fasinjoji suna tsaye a rana suna jirana, sai da wata mai gyaɗa ta ara mini reza. Jami'in ya dubi ɗinkin ya ce, "Kai tela na?" Na ce e. Ya ce, "Aikinka na da kyau, amma gobe ka bar ma kanka ƙohwa."

A Birnin Ƙonni na sake mota. Aka matse ni tsakanin buhun albasa da wani mutum mai farin gilashi, wanda kowa ke ce wa Mushe. Haka suke kiran malamin makarantar boko a can. Sunansa Daniyel, Kirista ne, mutumin wajen Maraɗi, amma ya daɗe yana koyarwa a Tawa. Bai cika magana ba, sai dai in ya yi dariya duk kafaɗunsa ke rawa, kuma ban daɗe ba na ba shi abin dariyar.

Bayan mun wuce Badagishiri ƙasa ta fara hawa, tudu bayan tudu, duk baƙaƙen duwatsu. Can sai na hangi gefen wani tudu cike da 'yan tarin ƙasa a jere, ɗaruruwa, har iya ganina. Na ce a raina wace annoba ce ta ci mutane haka? Na ɗaga hannu na fara yi wa mamata addu'a a bayyane. Wata tsohuwa a baya ta amsa da amin sau biyu kafin ta leƙa ta ga abin da nake kallo. Motar ta kaure da dariya har direba ya rage gudu.

Mushe ya share hawaye ya ce, "Ɗan'uwa, ba kushewa ba ta. Rabin wata a ka ce musu. Gina su a kai don su tare ruwa, ciyawa da icce su hito." Ya nuna mini wani tudun da aka yi wa haka shekarun baya, ya cika da bagaruwa, awaki suna kiwo a ƙarƙashi. Tudun da ba a taɓa ba a gefensa, launinsa ɗaya da gonarmu.

Mun shiga Tawa gab da magariba, motar Barmu ta riga ta tashi. Ina tambayar masauki, Mushe ya ɗauki jakata ya ce kada in ba shi kunya. A gidansa matarsa ta kawo mini buta, shi kuma ya shimfiɗa tabarma ya nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Muka ci malku, wato farfesun kan sa, da burodin nan nasu dogo mai ɓawo, wanda ya kusa raba ni da dasashi. Bayan nan aka kawo shayi a ɗan ƙaramin kofi da cuku, busasshen nono ne na Buzaye mai kama da takarda. Na nemi in haɗiye shayin a kurɓi ɗaya irin namu na mai shayi, aka ce a'a, sau uku ake zubawa, kuma ba a gaggawa.

A kan shayin nan na gaya masa abin da ya kawo ni. Bai ce in sayar ko kada in sayar ba. Ya ce abin da ya lura da shi a shekarun zamansa shi ne damina ta canja hali. Da can ruwa yakan zo a hankali, a kai a kai. Yanzu sai ya zubo na sati biyu a yini ɗaya, ya kwashe ƙasa, sannan ya ɗauke har shuka ta bushe. Ya ce masana na danganta haka da hayaƙin motoci da masana'antu da ya taru a sama yana ɗumama duniya, kuma kowane icce da ya tashi yana zuƙe wani abu daga hayaƙin ya adana a jikinsa da cikin ƙasa. "Mu ba mu munka yi hayaƙin ba," in ji shi, "amma bisa kanmu ya ka sauka. Wanda ƙasarshi ta iya riƙon ruwa shi ka kai labari." Na gyaɗa kai don ladabi, hankalina yana kan keke mai lantarki.

Da safe na shiga motar 'yan kasuwa zuwa Barmu, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni a babur. Abin da na fara lura da shi a ƙauyen, maza majiya ƙarfi kusan babu. Duk sun tafi biɗa, wato ci-rani, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya, sai damina ta kankama wasunsu ke dawowa. Har Haruna, ɗan Gwaggo, yana can. Mata da tsofaffi ke riƙe da gari.

Gwaggo Habsu 'yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya, mai saurin tafiya. Da ta ɗago kai na ga goshin mahaifina sak, da irin kallonsa na ƙasa-ƙasa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ta ce, "Kai, ɗan Mamman, kuka ka zaka yi min? Zamna ka sha hura." Furarsu ba irin tamu ta ƙwallo a kofin roba ba ce. A babbar ƙwarya ake damawa tun safe, a ajiye a inuwa, duk wanda ya ji yunwa ya ɗau ludayi. Ita ce karin kumallo, ita ce abincin rana.

Washegari na gyara murya na kawo maganar gona, da duk hujjojin da na shirya a mota. Ta bar ni na kai aya. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da diga ta jingina a ƙafata. "Mu tahi ka ga tawa gonar tukuna."

Gonarta a gangaren wani tudu take. Gawo manya da ƙanana, sabara da kalgo da aka sassabe aka bar musu reshe biyu-uku, ga jerin duwatsu sun ratsa ta layi-layi, ga kututturen karan bara masu kauri. Ta ce lokacin da mijinta marigayi ya karɓi wurin, kyauta aka ba shi, har ana yi masa dariya, don ko tsuntsu ba ya sauka. Can sama akwai sauran fako tsirara, kowace shekara takan ci kaɗan daga ciki. Nan ta kai ni. Ta haƙa rami ɗaya, faɗinsa kamar ƙwarya, zurfinsa kamar taƙi, ta tara ƙasar a gefe, ta zuba taki cikin tafin hannu biyu. Ta ce wannan shi ne tassa, a cikinsa ake shuka.

A wani tsohon rami na ga gara ta yi dandazo a kan takin. Na ɗaga ƙafa zan murje, don a wurinmu gara abokiyar gaba ce, ta ci mini tufafin mutane ba sau ɗaya ba. Gwaggo ta riƙe mini riga. "Bar su! Su na ma'aikatana. Ni in ba su taki, su su huda min ƙasa ruwa shi shige." Ban taɓa jin wanda ke ciyar da gara da gangan ba sai ranar.

Na gaya mata abin da Mushe ya ce game da itatuwa da hayaƙin duniya. Ta ɗan yi tunani ta ce, "Mu don hura munka bar su. In duniya ta samu wani abu ciki, sadaka ta."

Da yamma aka aiko mata an yi rasuwa a Affala, dole ta je gaisuwa, kwana biyu. Ta bar ni da diga da tarin takin da ta yi rani guda tana tarawa. Ni kuma na ƙudura in ba ta mamaki, in ta dawo ta ji kunyar hana ni abin da na zo nema.

Na dubi ramukanta na da, sai na ga duk a karkace suke, wannan nan, wancan can, ba tsari. Idon tela bai iya ganin haka ya haƙura. Na samo igiya da turaku, na ja layi daga sama har ƙasa, na riƙa haƙa rami bayan rami a miƙe sambal, tsakanin layi da layi na bar hanya fes. Ƙasar da na tono kuwa duk na tara ta gefen tudu, don ta fi kyan gani daga hanya. A idona wurin kusan shimfiɗe yake, ban ga gangaren da zai ja ruwa ba. Diga na dukan fako yana tashi kamar ya bugi ƙarfe. Kafin azahar hannuwana sun yi bororo, kafin la'asar sun fashe, amma ban tsaya ba.

Akwai wani dattijo Buzu, Aghali, da ke kwantar da dabbobinsa a gonar Gwaggo da rani, su ci kara su bar mata taki. Ya zo ya tsuguna, rawani ya rufe masa baki, ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "Garinku ruwa na bin igiya?" Na ɗauka yabo ne, na ce ai aiki sai da tsari. Ya ce, "To, madalla," ya tashi. Daga baya na gane a wurinsu ba a gyara wa baƙo aiki kai tsaye, abin da ya faɗa ɗin nan shi ne iyakar ihun da zai iya yi mini.

Ranar da Gwaggo ta dawo, da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Ko hutawa ba ta yi ba ta ce mu je gona, ruwan fari ba a ba da labarinsa. Muna isa ya kece. Muka fake a bukkar Aghali muna kallo.

A ɓangarenta, ruwan da ya gangaro in ya kuɓuce wa rami ɗaya sai ya faɗa na gabansa, don a saɓe suke. Kowane rami ya cika ya tsaya cak. A nawa kuwa, tarin ƙasar da na yi ta sama ya tare bakin ramukan, ruwa ya kauce musu ya bi hanyoyin nan da na share masa. Layi-layi ya taho, ya haɗu a ƙasa ya zama ɗan kwari, ya daki jerin duwatsun Gwaggo ya watsar, ya shiga tsohuwar gonar yana yanka ta. Ina kallo takin da ta yi rani tana tarawa ya bi ruwa, baƙi-baƙi, ya wuce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na saci kallonta, fuskarta ba ta nuna komai ba, ruwan kawai take bi da ido har ya ɗauke.

Da sassafe ta ce in tuɓe takalmi. Muka bi gonar a ƙasa, tana nuna mini inda tsinke da kashin awaki suka maƙale, da inda yashi ya kwanta. "Ka gani? Ruwa ya rubuta ma inda ya bi. Ba a tambayar ido, ido maƙaryaci na. Ƙasa a ka tara ma rami ta ƙasa, bakinshi shi dubi tudu." Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Gyaran ya ci kwana uku, kuma da ba don matan unguwa sun yi mana gayya ba da ya fi haka. Su ke ɗauko duwatsu a ka, Aghali ya kawo taki a amalanken jaki. Ni kuwa na sha ba'a. Wata ta ce, "Tela, wanga ɗinki kwance shi za a yi ko a yi mishi hwaci?" Wata ta ce in na koma in ɗinka wa ruwa wando. Na yi dariya tare da su, don na ci a yi mini. Muka shuka hatsi a ramukan, nawa da na Gwaggo.

Daga nan sama ta ɗauke. Kwana ɗaya, biyar, tara, ba ko ɗigo. Na ce zan tafi, ta ce in dakata. A rana ta goma ta kai ni gonar maƙwabcinta da ya yi shuka a fili ba rami, tsiron duk ya lanƙwashe ya yi fari. Muka dawo tata, ta ce in sa yatsa a ɗaya daga ramukan da na gyara da hannuna. Na tura. Ƙasar da sanyi, da danshi, ga tsiro kore shar ya tsaya. Na daɗe a tsugune. Abin da ya zo mini a rai shi ne mahaifina, yadda ya yi ta zuba iri a gonarmu yana cewa ƙasa ta mutu, har ya rasu bai san ƙishirwa ce kawai take ji ba.

Ranar ta sa aka kira liman da Aghali su zama shaidu. Ta ce in kawo takardar. Na miƙa, ina jiran ta yaga ko ta yi mini wa'azi. Sai ta shafa tawada a babban yatsa ta dangwala. Na ce, "Gwaggo, kin yarda ke nan?"

Ta ce, "Na yarda. Ni ba ni komawa can, ƙahwata ba ta kai ni. In na ce a'a daga nan, na hana Garba abin da zai ci, ita ko ƙasar tana nan tana mutuwa. Ba a riƙon ƙasa da baki, ɗan Mamman, da baya a ka riƙon ta. In akwai mai duƙawa cikinku, ba ku buƙatar takardar ga. In babu, ku saida, kar ku wahal da kanku."

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Na biya na gaida Mushe a Tawa, ya dubi hannuwana ya yi dariyarsa ta kafaɗa bai tambaye ni komai ba. Daga Ƙonni har Gwadabawa ban yi magana da kowa ba, ni da ake ce wa mai baki.

Na iske Yaya Garba a zaure yana gyaran ƙota. Kwana uku na ce, na yi kusan ashirin. Bayan gaisuwa ya ce, "To, ta yarda?"

Na ce, "Ta yarda." Na ajiye takardar a gabansa.

Ya yi hamdala, fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka tun rasuwar Baba. Na ji tausayinsa har cikin raina, don na san abin da zan faɗa.

Na ce, "Amma ni ban yarda ba, Yaya."

Ya ajiye ƙotar a hankali. "Kai? Kai da ka hi kowa son a saida? Shekara nawa ina zuba iri cikin ƙasar ga, kana birni ƙarƙashin hwanka? Ka tahi kwana ashirin ka dawo ka koya min noma?"

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ce ba koya masa zan yi ba, ni zan haƙa. Ya kamo hannuna ya buɗe, ya dubi tabon, ya sake shi.

"Damina guda na ba ka. Ranar da duk na zaka ban ishe ka bisa gonar ba alhali ka ce kana zuwa, gobenta tifa na shiga."

Tun ranar bai sake yi mini magana ba, ko a masallaci sai dai mu yi musabaha ya kau da kai. Duk Alhamis da Juma'a ina can da diga, ni kaɗai, mutanen gari na wucewa suna cewa Lawali ya je Nijar an juya masa kai. Ban sani ba ko damina ɗaya za ta isa fakon da ya yi shekaru yana bushewa. Taki ne ya fi damuna, don ba ni da ko akuya, kuma rami ba taki wahalar banza ce.

Alhamis ɗin da ta wuce na isa gona da sassafe, na tarar an juye taki amalanke guda a bakin ramukana. Sawun jakin ya miƙe har ƙofar gidan Yaya. Na same shi a zaure na ce na gode. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Garkena ya cika na, na rasa inda za ni zubarwa."